Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Me ke Jawo Ɓarin Ciki?

Tambaya: Likita, cikina yana da wata biyu na yi ɓari, kwana biyu bayan na yi daka da ɗibar ruwa. Surukata ta ce wahalar aiki ce ta zubar da shi. Shin ni na jawo wa kaina? Daga wata baiwar Allah a Funtuwa.

Amsa: Allah Ya mayar miki da alheri, Ya kawo rayayye mai albarka. Malama, da wuya ƙwarai a ce dakan nan ne sanadi. Daga cikin kowane ciki 100 da aka tabbatar da shigarsa, tsakanin 10 zuwa 20 suna ƙarewa da ɓari, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na ɓarin yana aukuwa ne a makonni 12 na farko. A shekarar 2021 mujallar likitoci ta Lancet ta ƙiyasta cewa ana samun ɓari miliyan 23 duk shekara a duniya, har da ƙasashen da matansu ba su taɓa riƙe taɓarya ba.

Kimanin rabin ɓarin farkon ciki yana faruwa ne saboda kuskure a ƙwayoyin gado na ɗan tayin. Ɗan Adam yana ɗauke da irin waɗannan ƙwayoyi 46, wato 23 daga uwa, 23 daga uba, idan kuwa aka samu ragi ko ƙari a lokacin da ƙwan mace ya haɗu da maniyyi, ɗan tayin ba ya iya ci gaba da girma. Sau da yawa yakan daina girma kwanaki ko makonni kafin jini ya ɓalle, shi ya sa mace ke ɗora laifi a kan aikin da ta yi jiya, alhali abin ya riga ya faru tun tuni. Aikin gida na yau da kullum, da tafiya a mota, da kusantar miji, ba sa zubar da lafiyayyen ciki, sai dai mummunan haɗari ko duka a ciki. Ina roƙon iyayenmu surukai su sassauta irin wannan magana, domin wadda ta yi ɓari tana buƙatar lallashi ne.

Tambaya: Shekaruna 41, na haifi ’ya’ya bakwai ban taɓa ɓari ba, amma yanzu na yi sau biyu a jere. ’Yan’uwana suna cewa sammu ne. Daga wata Hajiya a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, abin da na fi zargi shi ne shekaru. Da ƙwayayenta ake haihuwar mace, suna tsufa tare da ita, kuma kuskuren ƙwayoyin gado da na ambata ya fi yawa a ƙwan da ya manyanta. Matar da ba ta kai shekara 30 ba, ciki 1 cikin 10 ne kan zube. Tsakanin shekara 35 zuwa 39 yakan kai 2 cikin 10. Bayan shekara 45 kuwa ya haura rabi. Shekarun maigida su ma suna ƙara haɗarin, ko da yake ba kamar na mace ba. Ki ci gaba da addu’a, amma ki je a auna miki suga da hawan jini, a kuma duba aikin ƙullutun maƙogwaro, wanda kumburinsa ke kawo maƙoƙo, domin waɗannan cututtuka sukan bayyana a irin shekarunki, kuma idan aka daidaita su kafin shigar wani cikin haɗarin yana raguwa.

Tambaya: Likita, matata ta yi ɓari sau uku, duk a wata na huɗu zuwa na biyar. Ba ta jin wani ciwo sosai, sai kawai ruwa ya fashe. Me ya kamata mu yi? Daga wani magidanci a Gombe.

Amsa: Malam, na yaba da cewa kai ka ɗauki nauyin tambayar. Ɓari uku a jere yana samun kimanin mace 1 cikin 100, kuma wanda ke zuwa bayan wata uku ya bambanta da na farkon ciki, domin galibi ɗan tayin lafiyarsa ƙalau, matsalar tana ga mahaifa ne ko jinin uwa. Yadda ka siffanta abin ya yi kama da raunin bakin mahaifa, inda yake buɗewa a hankali ba tare da naƙuda ba yayin da ciki ya fara nauyi. Wasu da haka aka haife su, wasu kuma sun samu rauni ne a wata haihuwa mai wuya ko wajen wankin ciki. Ana magance shi da ɗaurin mahaifa, wato ɗinke bakinta, wanda akan yi tsakanin mako na 12 zuwa na 14, a kwance ɗinkin wajen mako na 37. Kuskuren da na fi gani shi ne a jira sai ciki ya kai wata biyar kafin a fara awo, lokacin bakin mahaifar ya riga ya buɗe.

Kada ku jira wani cikin, ku ga likitan mata tun yanzu. Zai yi mata hoton mahaifa don ya ga ko akwai ƙari da ya kutsa cikin kogonta, ko wata tantani da ta raba ta biyu. Zai kuma gwada jininta saboda wata larura da ke sa jini ya riƙa daskarewa a jijiyoyin mabiyiya, wadda ake magancewa da ƙaramin asfirin da allurar hefarin, amma bisa umarnin likita kawai. Akwai gwajin tunjere, wanda ya shafe ku duka biyu, da na sikila, da na rukunin jini, domin idan nata mai alamar ragi ne, wato negetif, tana iya buƙatar wata allura cikin awa 72 bayan ɓari ko haihuwa don kare ’ya’yan da za ta haifa nan gaba. Wani lokaci akan gama duk gwaje-gwajen ba a ga komai ba, kuma ko a hakan yawancin matan suna haihuwa daga baya.

Tambaya: Cikina wata uku ne kuma ina fama da zazzaɓi, amma maƙwabciyata ta ce kada in sha maganin maleriya, wai yana zubar da ciki. Sannan ina cin goro. Daga wata ’yar’uwa a Birnin Kebbi.

Amsa: ’Yar’uwa, zazzaɓin cizon sauron shi ne abin tsoro, domin zafin jiki mai tsanani da ƙarancin jinin da yake haddasawa suna iya zubar da ciki. Ki je asibiti yau a gwada jininki, a ba ki maganin da ya dace da watannin cikinki. Daga mako na 13 ake fara ba masu ciki Fansida a wurin awo don rigakafi, wata-wata, aƙalla sau uku kafin haihuwa, tare da kwana cikin gidan sauro. Abin da za ki guje wa shi ne haɗin kemis, da magungunan ciwon jiki irin su daikilofenak da ibufurofen, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba. Farasitamol ya wadatar don sauke zafi. Goro da kofi da baƙin shayi suna ɗauke da sinadarin kafin, wanda ba a so ya wuce miligiram 200 a rana, kwatankwacin kofi biyu na garin kofi, don haka ki rage sosai. Taba da shisha da shan kodin ba bisa umarnin likita ba kuwa babu adadin da aka yarda da shi, har hayaƙin tabar wani a cikin ɗaki.

Idan kika ga jini yana jiƙa ƙunzugu cikin awa guda, ko ruwa mai wari, ko ciwon mara a ɓangare ɗaya tare da jiri, kada ki jira gari ya waye. Wannan na ƙarshen yana iya zama ciki ne a wajen mahaifa, wanda kan fasa bututun ƙwai ya zubar da jini a cikin ciki, kuma sau da yawa aikin gaggawa yake buƙata.