PLC ɗina ta ɓace bayan na canza IP

Tambaya: Salam injiniya, ina Birnin Kebbi injin casar shinkafarmu yana Argungu, na canza IP (adireshin na'ura a netwok) na PLC ɗin (ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa injin) ta intanet daga 192.168.1.10 zuwa 192.168.0.10 kawai sai ta ɓace min, ko ping (saƙon gwada ko na'ura tana kan layi) bata amsawa. Ta ƙone ne?

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa, kwantar da hankalinka bata ƙone ba, fidda ta kayi daga layin rawta (na'urar da ke haɗa ta da intanet). In mask ɗin (lambar da ke nuna wane ɓangaren adireshin ne na layin) 255.255.255.0 ne to dole kashi uku na farko na adireshin su zo ɗaya da na rawta, kai kuma ka taɓa na ukun. Daga nesa kam ba abinda zaka iya yanzu, sai wani yaje da laftof ya jona waya kai tsaye, ya sa ma laftof ɗin 192.168.0.5 ya shiga ya maido mata tsohon adireshinta, ya duba gateway (adireshin rawtar da aka sa mata) ma kafin ya taso.