Amsa ga mai son zama kocin ƙwallo

Ɗan'uwa, ka tambaya ko shekarun da ka yi kana buga ƙwallo sun isa ka zama koci. Gaskiya ba su isa ba. Iya bugawa daban, iya koyarwa daban.

Nemi lasisin koci na CAF, wato hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, ta hannun hukumar ƙwallon jiharku: daga matakin D ake farawa, sai C, B, A. Cibiyar wasanni ta ƙasa, NIS, da ke Surulere a Legas ma tana horar da kociyoyi.

Amma kafin nan, fara horar da yaran unguwa. Ni kullum da ɗan littafi nake zuwa fili, na rubuta atisayen ranar tun daga gida. Kada ka jera yara ashirin suna jiran ƙwallo ɗaya. Raba su huɗu-huɗu, kowa ya taɓa. Allah ya taimaka.