Amsa ga mai shirin nutso a Dahab

Ɗan'uwa, ka ce a tafkin Rayfield nan Jos ka koyi iyo, yanzu za ka Dahab ta Masar, kana tambaya ko ka nutsa da tukunyar iska ko ka riƙe numfashi kawai.

Ni dai ka fara da tukunya, da malami a gefenka. Takardar shaidar koyon nutso ta matakin farko zurfin mita 18 ta yarje maka, kuma wallahi ya ishe ka kallon murjani da kifayen Bahar Maliya. A mita 10 matsin da ke kanka ya ninka na saman ruwa, shi ya sa kunne ke zafi. Toshe hanci ka hura a hankali tun kafin ya fara. In kana hawowa kar ka kuskura ka riƙe numfashi, iskar huhu faɗaɗa take, tana iya yi masa illa.

Nutson riƙe numfashi kuwa ba a yin sa kai kaɗai, dab da saman ruwa mutane ke suma.

Gaɓar Dahab ta duwatsu ce, ka sa takalmin roba. Na taɓa taka wata halitta mai ƙaya kamar bushiya, mako guda ina ɗingishi. Sannan in ka yi nutso sau da yawa, ka bari aƙalla awa 18 kafin ka hau jirgin sama.