Ruwan Maɓuɓɓuga: In Sayi Na'urar Gwaji Ko In Kai Ɗakin Gwaji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna zaune kusa da Duwatsun Shere, muna ɗibar ruwan sha a wata maɓuɓɓuga, ruwan garai-garai ga sanyi. An ce in sayi na'urar TDS, mai kama da biro da ake tsomawa a ruwa. Ta isa ta tabbatar min da lafiyarsa? Daga wata uwargida a Jos.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Ba ta isa ba. Abin da take aunawa kawai shi ne yawan ma'adanan da suka narke a ruwa, kuma ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta yarda har miligiram 500 a lita. Duwatsun Jos galibi giranayit ne, masu taurin gaske, ba sa narkewa da sauƙi, don haka lambar za ta iya fitowa ƙasa, ta sa ki saki jiki. Ƙwayar cuta kuwa na'urar ba ta ganinta sam.

Kuɗin nan gara ki kai su ɗakin gwajin ruwa. Ki karɓo kwalbar da aka kashe wa ƙwayoyi a wurinsu, kada ki ɗauraye ta, ki tara daga bakin idon ruwan, ki sa a kula da ƙanƙara, ta isa cikin awa 6. Ki ce a duba E. coli, ƙwayar da ke nuna kashi ya shiga ruwa, wadda bai kamata a samu ko ɗaya a mililita 100 ba, sai sinadarin naitiret da fuloraid.

Naitiret daga takin zamani da masai yake gangarowa, musamman idan akwai gonar dankalin Turawa ko ta kayan lambu a saman dutsen. Iyakarsa miligiram 50 a lita, kuma jarirai 'yan ƙasa da wata 6 ya fi yi wa illa. Fuloraid in ya haura miligiram 1.5 a lita, shi ke rina haƙoran yara, kamar yadda aka sani a yankin Langtang. Tafasawa ba ta cire ko ɗayansu, sai ma ta ƙara musu ƙarfi in ruwan ya ƙone.

Ki maimaita gwajin a tsakiyar damina. Maɓuɓɓugar da ke gurɓacewa bayan an ɗauke ruwan sama, ruwan saman ƙasa ke kutsawa cikinta. In kuma tsohon ramin kuza na kusa, a haɗa da gwajin dalma.

Kafin sakamako ya fito, ki riƙa tafasawa ya yi ɓararraka na minti 1, ki zuba a jarka mai murfi.