Amsa: Sabon layin dogo zai amfani mutanen ƙananan tashoshi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko idan an kammala sabon layin Kaduna zuwa Kano mutanen ƙauyukan da ke gefen hanya za su amfana. Ka dubi layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, shi ne madubi.

Abu na farko, sabon dogon ya fi tsohon faɗi. Na Turawan mulkin mallaka milimita 1,067 ne, sabon kuwa 1,435, don haka jirgin ba ya bin tsohuwar hanya balle ya tsaya a tsoffin tashoshi. Mutumin Kaduna da ya saba da tashar cikin gari, yanzu sai ya biya kuɗin mota har Rigasa, inda sabuwar tashar take.

An gina tashoshi a wurare irin su Jere, Rijana da Kakau, gaskiya ne. Amma ginin tasha daban, tsayawar jirgi daban. Hankalin hukuma yana kan fasinjan Idu da Kubwa na Abuja da kuma Rigasa, domin nan kuɗin yake, kuma kowace tsayawa tana cin lokaci. Harin da 'yan bindiga suka kai wa jirgin a watan Maris na 2022 ya ƙara tsananta maganar tsaro a tsakiyar hanyar. Ga tikitin intanet da aka fara a 2021, wanda manomi marar babbar waya ba ya iya kamawa kafin ya ƙare.

Masu sayar da rake da dafaffen ƙwai ta taga kuwa, sabuwar tasha mai shinge ba ta da wurinsu.

Ku matsa wa wakilanku tun yanzu a ware jirgi ɗaya mai tsayawa kowace tasha, da wurin sayen tikiti da hannu.