Hukuncin dokar mafi ƙarancin albashi ga malaman makarantun gwamnati

Tambaya: Malam, ni malamar firamare ce. Akwai dokar da ta ƙayyade mafi ƙarancin albashinmu da na masu gadi da masu shara, amma ana biyan wasunmu ƙasa da haka. Wani ya ce dokar ba ta da tushe a shari'a, tunda Annabi (SAW) ya ƙi ƙayyade farashi. Shin ya halatta mu nemi cikon?

Amsa: Bismillahi, wassalatu wassalamu ala Rasulillah.

Hadisin da ya kafa hujja da shi ingantacce ne. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Anas cewa kaya sun yi tsada a Madina, aka roƙi Annabi (SAW) ya yanke farashi, sai ya ce Allah ne Mai ƙayyade farashi, kuma yana fatan haɗuwa da Ubangijinsa babu mai binsa haƙƙin jini ko na dukiya. Sai dai an ajiye hadisin ba a muhallinsa ba. Abin da aka ji wa tsoro a nan shi ne a tilasta wa ɗan kasuwa sayar da kayansa a kan abin da bai yarda ba. Ku kuwa hukuma ce ta ɗauke ku aiki, ita ce ta ɗora wa kanta iyaka, kuma daga baitulmali take biya. Dukiyar wa aka taɓa? Ko a tsakanin ɗaiɗaikun mutane ma, Ibn Taimiyya (ya rasu 728 bayan Hijira) da almajirinsa Ibnul Ƙayyim sun halatta wa shugaba ya ƙayyade ladan da ya dace a sana'o'in da jama'a ba sa iya rayuwa sai da su.

Ina ƙara jan hankali ga hadisin Mustaurid bin Shaddad a cikin Abu Dawud: wanda aka ɗora wa aikin hukuma, ya samu abin yin aure, in ba shi da mai hidima ko muhalli ya samu. Ma'aunin ke nan, wato abin da zai wadatar da mutum da iyalinsa. Malamin da yake tsaye gaban allo hankalinsa na kan bashi, ɗalibansa ne za su fara kwana a ciki.

Don haka dokar halal ce, kuma da zarar ta fara aiki ta shiga cikin sharuɗɗan ijararku, wato yarjejeniyar ɗaukar ku aiki. Allah Ya ce a farkon Suratul Ma'ida ku cika alƙawura. Abin da aka rage bashi ne a wuyan hukuma, kuma a Bukhari da Muslim, jan ƙafar mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne. Karɓar da kika yi ta ragaggen albashi don ba yadda za ki yi ba yafewa ba ce. Haƙƙin mai shara da mai gadi daidai yake da naki, ki sa su cikin kokenku, domin su ne muryarsu ta fi rauni.

Ki nemi cikon ta ƙungiyarku, ko rubutaccen koke, ko kotu. Amma kada ki rama a kan yara ta hanyar makara ko barin aji, su ba su ci miki komai ba.

Wallahu a'alam.