Amsa ga ƙanwarmu mai son binciken ƙwayoyin zuciya

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ƙanwata na ga tambayarki tun shekaranjiya, kin ce kin ci bak D bana kuma burinki ki zama mai bincike kan ƙwayoyin tsokar zuciya, amma a gida ana ce miki wannan ba aiki ba ne gara ki yi likita ki huta. Na bari sai na samu natsuwa dan maganar ba ta layi biyu ba ce, shekara 9 na yi cikin wannan harka a waje kafin in dawo Damagaram in kama koyarwa.

Ni abin da ya jefa ni ciki yayata ce. Muna Birni lokacin, ina tarminal, haihuwarta ta uku, ko arba'in ba ta yi ba ƙafafu suka kumbura, numfashi sama-sama, ba ta iya kwanciya sai dai ta kwana a zaune. Wasu suka ce iska wasu suka ce sammu, sai da aka yi mata eko, wato hoton zuciya, likita ya ce zuciyar ce ta saki ba ta matsa jini yadda ya kamata. Allah ya tashi kafaɗunta amma har yau tana kan magani. Tun ranar tambaya ɗaya ta maƙale mini, me ya samu tsokar nan ta macen da ko shekara 30 ba ta kai ba?

Sai daga baya na gane ashe ciwon zuciyar masu jego, ƙasar Hausa na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Tun shekarun 1970 Davidson da Parry suka yi rubutu a kansa a Zariya, su suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya kan gadon wuta. A Yamai Cénac da abokan aikinsa sun nuna a 1992 cewa matan da ke da ciwon suna da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam a jini, Farfesa Kamilu Karaye ma a Kano ya bi wannan sawun. A 2007 kuma Hilfiker-Kleiner ta Jamus da Karen Sliwa ta Afirka ta Kudu suka gano cewa sinadarin da ke kawo ruwan nono, furolaktin, yana iya tsagewa ya fitar da wani guntu mai ɓata ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da tsokar. Kin ga ke nan ciwon namu ne, a ɗakunan iyayenmu yake, amma mafi yawan aikin da ake yi a kan ita ƙwayar kanta a labo ɗin wasu ake yin sa, wannan abu yana ci mini rai wallahi.

To bari in gaya miki yadda wunin mai bincike yake, dan kar ki ɗauka kullum gano sabon abu ake. Da sassafe ki ciro zuciyar ɓera, ba ta wuce ƙwayar gyaɗa ba, ki ɗaura babbar jijiyarta a bakin wata siririyar allura cikin ƴan mintoci, ki riƙa tura ruwan gishiri mai ɗumin jiki ta ciki, dabarar Langendorff ke nan tun 1895 kuma har yau da ita ake aiki. Sai ki sa wani sinadari, kolajenas, ya narkar da abin da ya haɗe ƙwayoyin su warwatse. In aiki ya yi kyau za ki gan su a mikroskop dogaye kamar ƴan tubala masu zane-zane, tsawon kowace wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita. In bai yi ba, da kin maida musu sinadarin kalsiyam da aka cire tun farko sai su dunƙule su mutu, wunin ya tafi a banza. Wata 4 na yi kafin hannuna ya faɗa. Amma ranar da na fara sa wa ƙwaya ɗaya tal ɗan kuran na ga ta matse ta saki ta matse ta saki ita kaɗai cikin faranti, kalsiyam yana walƙiya a allon kwamfuta, sai da na yi tasbihi a fili. Kalsiyam ɗin nan shi ne makullin bugun, kuma Sydney Ringer a 1883 ta kuskure ya gano haka, mataimakinsa ya haɗa ruwan gwaji da ruwan famfon Landan maimakon tataccen ruwa, zuciyar kwaɗon da yake gwaji da ita ta ci gaba da bugawa saboda kalsiyam ɗin da ke cikin ruwan famfon.

Babbar tambayar fagen ita ce me ya sa zuciya ba ta gyara kanta. Tana bugawa kusan sau 100,000 a wuni amma ƙwayoyinta da ƙyar suke sabuntuwa, binciken Bergmann da Frisén a Suwidin a 2009 ya nuna wajen kashi 1 cikin 100 a shekara ga mai shekara 25, in an tsufa ya ragu ƙasa da rabin haka. Shi ya sa inda ya mutu tabo ke cikewa. Amma akwai wani ɗan kifi mai zane da aka yanke wa kashi 20 cikin 100 na ɗakin zuciya a 2002 ya tsiro da shi cikin wata biyu, jaririn ɓera ma yana iyawa sai dai kafin kwana 7 baiwar ta ɓace, a Dalas ta Amurka aka nuna haka a 2011. Yanzu kuma albarkacin aikin Yamanaka na Japan ana iya ɗaukar ƙwayar fata ko ta jinin mara lafiya a juya ta ta zama ƙwayar zuciya mai bugawa. Ki yi tunanin a yi wannan da jinin matanmu masu jego.

Maganar hanya da kuɗi kuwa ba zan ɓoye miki ba. Lisans shekara 3, masta 2, doktora 3 ko 4, bayan nan kwantaragi na shekara biyu-biyu kina yawo ƙasa-ƙasa, kuɗin burs na cin abinci da haya ne kawai, abokan karatunki sun yi aure sun gina gida. Da na dawo na yi ƙoƙarin raya ƙwayoyi a nan, kuran ya ɗauke dare ɗaya, firigo ya huce, kayan da na yi wata 8 ina jira suka lalace, ranar har hawaye na yi.

Dan haka ni a ganina ki ji maganar su Baba, ki shiga likitanci nan Jami'ar André Salifou ko Abdou Moumouni ta Yamai, in kin gama ki ɗora masta ta biyoloji sannan doktora. Ya fi tsawo, eh, amma za ki samu abin dogaro kuma marasa lafiyar suna hannunki, su kuwa manyan labo na waje abin da ba su da shi ke nan, ke za su nema ba ke za ki roƙe su ba. Ki dage da Ingilishi tun yanzu dan kusan duk takardun fagen da shi ake rubutawa, Faransanci kaɗai ya wahalar da ni sosai a shekarar farko, ki kuma riƙe lissafin statistik da kyau.

Kafin a koma karatu ki nemi istaj ko na sati 3 ne a wani labo na asibiti nan gari, ki ga ko kina jure tsayuwar awa 6 da warin magani da maimaita abu ɗaya sau goma. In kin gama ki dawo ki ba mu labarin yadda kika ji, sai mu zauna mu duba takardun burs tare. Ki gaida su Inna.